Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Magana A Kan Masu Kiwon Tsofaffin Kwamfutoci



Kwanakin baya, a zauren maigida, wani yaro daga cikin jikokin gidan ya nuna mana wani bidiyo a wayarsa. Wani Bature ne mai furfura, sa'anmu ko ya ɗan girme mu, yana zaune gaban wata kwamfuta mai launin ƙasa-ƙasa wadda aka ƙera tun 1982, yana goge ta da burushi kamar mai wanke jariri. Da ya kunna ta fuskarta ta kawo shuɗi, sai ya yi ta murna har da tafi. Zaure ya kwashe da dariya. Wani dattijo ya ce wannan shi ne ƙoshi, wanda ya ƙoshi shi ke neman abin wasa a bola. Wani ya ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Mu ma mun yi dariyar tare da su, amma da muka koma gida sai muka ga ba mu yi wa mutumin adalci ba, domin watanni kaɗan kafin wannan rana, irin ilmin waɗannan mutane ne ya fitar da jama'armu daga wata kunya. Shi ya sa muka ga ya dace mu yi wannan bayani.

Bari mu fara da gabatar da abin da ake magana a kai, don wanda bai sani ba. A ƙarshen shekarun 1970 da farkon 1980 aka fara sayar da ƙananan kwamfutoci na gida a Amurka da Turai da Japan. Mafi shahara ita ce Commodore 64, wadda ta fito a Amurka a 1982 a kan dala 595, aka ci gaba da ƙera ta har 1994, kuma mafi ƙarancin ƙiyasi ya nuna an sayar da fiye da miliyan 12. A Ingila kuwa, a wannan shekara ta 1982, Clive Sinclair ya fitar da ZX Spectrum, ƙaramarta fam 125, babbarta fam 175. Kafin su da kaɗan, a ƙarshen 1981, kamfanin Acorn ya ƙera BBC Micro wadda ta cika makarantun Birtaniya. Waɗannan na'urori ba su da fuska tasu, da talabijin ɗin gida ake haɗa su. Da yawansu kuma da kaset ake ba su manhaja, irin kaset ɗin nan da muke sauraren wa'azi da waƙa, mutum ya danna rikoda ya zauna kimanin minti biyar yana jin ƙara kamar kukan gyare kafin abu ya buɗe. A Holand da Yugoslabiya har ta gidan rediyo aka riƙa watsa manhaja, mai sauraro ya naɗa a kaset ya ɗora wa kwamfutarsa.

Ƙwaƙwalwar Commodore 64 kilobayit 64 ce kacal. Hoto ɗaya da za ka ɗauka yau da wayarka yakan ninka wannan sau 30 ko fiye. Duk da haka akwai dubban mutane a yau da suka mayar da waɗannan na'urori abin sha'awarsu. Suna neman su a kasuwannin gwanjo, su canza musu kayan cikin da suka lalace, su rubuta musu sababbin manhajoji, su haɗu a taruka su nuna wa juna abin da suka iya. Wannan ita ce sana'ar, ko mu ce shagalin, da muke son karewa.

Hujjarmu ta farko labari ne daga ƙasarsu. A 1086 Sarki Wiliyam na Ingila ya sa aka ƙidaya ƙasarsa, gonaki da dabbobi da masu su, aka rubuta a fata da tawada. Littafin ana kiran sa Domesday, yana nan har yau a ma'adanar tarihi ta ƙasa da ke Kew a Landan, kuma wanda ya iya Latin zai karanta shi. Da aka cika shekara 900, a 1986, hukumar BBC ta so ta yi irinsa na zamani. Fiye da mutum miliyan ɗaya suka sa hannu, galibinsu yaran makaranta, suka rubuta labarin garuruwansu, aka ɗauki hotuna da taswirori, aka zuba duka a manyan faya-fayan leza guda biyu waɗanda wata kwamfutar BBC ta musamman ce kaɗai ke karanta su. Ba a yi shekara 20 ba sai ga shi na'urorin da ke karanta fayafayan sun kusa ƙarewa. Littafin fata mai shekara 900 yana karantuwa, na lantarki ɗan shekara 15 ya kusa zama kurma. A 2002 masana daga jami'o'in Leeds da Michigan, ƙarƙashin wani shiri mai suna CAMiLEON, suka nuna hanyar ceto shi ta rubuta manhajar da ke kwaikwayon tsohuwar kwamfutar a cikin sabuwa.

Wannan manhajar kwaikwayo ita ce ginshiƙin maganar, don haka bari mu ɗan fayyace ta. Kowace kwamfuta tana da harshen da take ji. Idan an rubuta manhaja da harshen tsohuwa, sabuwa ba ta gane ta. Manhajar kwaikwayo tafinta ce: tana zama a cikin sabuwar kwamfuta ko wayar hannu, ta karɓi kowane umarni na tsohon harshe ta aikata shi daidai yadda tsohuwar na'ura za ta aikata, har tsohuwar manhaja ta ɗauka tana gidanta. Akwai VICE mai kwaikwayon na'urorin Commodore, akwai Fuse ta Spectrum, akwai BeebEm ta BBC Micro, akwai DOSBox mai mayar da kwamfuta zamanin DOS, akwai kuma MAME wadda aka fara a 1997 da nufin adana na'urorin wasanni. Duka waɗannan kyauta ake samun su, kuma galibin masu rubuta su ba albashi ake biyan su ba. Mutane ne irin wancan mai furfura da muka yi wa dariya, sun ɓata dararensu suna binciken yadda kowace ƙwayar lantarki ke aiki, suka rubuta, suka raba wa duniya.

Yanzu ga namu labarin. A ƙarshen shekarun 1990, lokacin magatakardan da ya gabace mu, Allah Ya jiƙan sa, jama'a ta haɗa kuɗi aka sayi wani fili don makaranta. Aka rubuta sunayen masu bayarwa da abin da kowa ya bayar da sharuɗɗan da aka yi ittifaƙi a kai, aka kai wani shagon buga takardu aka buga a kwamfuta. Mai shagon ya ba da takardun, ya kuma ba da faya-fayan fulofi a matsayin ajiya. Shekaru suka shuɗe, ruwa ya shiga ɗakin ajiya, gara ta ƙarasa abin da ruwa ya bari, shagon kuma ya daɗe da rufewa. Bara sai magana ta taso tsakanin gidaje biyu a kan wanda ya bayar da me, har ta fara tsami, ana gaisawa sama-sama a masallaci. Maigida ya kira mu ya ce: "Malam, ina takardun nan?" Muka buɗe akwati, babu abin da ya rage lafiya sai fulofi 11 ɗaure da roba. Muka zaga shaguna, kowa ya juya su ya yi dariya ya mayar mana.

Wani ɗan ƙanenmu da ke gyaran waya ne ya ce a ba shi mako biyu. Ya samo na'urar karanta fulofi da ake sakawa a kwamfuta ta waya, ya bi bayanan da waɗancan masu sha'awar suka rubuta a kan yadda ake duba faifai ko ya yi fumfuna kafin a saka shi, da yadda ake kwafe shi gaba ɗaya a karo na farko don kada a wahalar da shi. Guda 7 suka karantu, 4 sun mutu. Cikin waɗanda suka karantu, sabuwar kwamfuta ta nuna rubutun a hargitse, sai da ya buɗe shi ta cikin manhajar kwaikwayo da irin tsohuwar manhajar da aka buga shi da ita, sannan sunaye suka jeru. Ba duka muka samu ba, amma shafin da ake jayayya a kansa yana ciki. Aka karanta a zaure gaban kowa, ya zamana kowane ɓangare ya tuna rabi ya manta rabi. Aka yi addu'a aka tashi. Waɗancan fulofi 4 kuwa, abin da ke cikinsu ya tafi, kuma mutanen da suka san shi sun riga mu gidan gaskiya.

To, jama'a, wa ya taimake mu a nan? Kamfanonin da suka ƙera kayan sun daɗe da wucewa gaba. Sony ta daina yin fulofi a 2011. Gwamnatin Japan ma ta soke dokokin da ke tilasta amfani da shi a 2024. Ɗan kasuwa ba ya ajiye abin da ba ya kawo riba, kuma ba laifinsa ba ne. Wanda ya riƙe ilmin karanta tsohon faifai shi ne mai yi don so. Su ne suka ƙirƙiro ƙananan na'urori irin su Greaseweazle da KryoFlux, masu karanta ainihin alamun maganaɗisu da ke jikin faifai ko da tsarinsa baƙo ne. Su ne suka inganta na'urar Gotek mai maye gurbin mazubin fulofi da filashi, suka yi SD2IEC mai ba Commodore 64 damar karanta katin memori irin na waya. Niyyarsu wataƙila su yi wasan da suka yi suna yara, amma amfanin ya zarce niyyar.

Mu da muka tashi a gaban malamai bai kamata wannan ya zama mana baƙo ba. Littattafan da muka karanta a zaure sun iso mu ne saboda wani ya zauna ya kwafa da hannunsa kafin takardar farko ta ruɓe, wani kuma ya koyar da yadda ake karanta hannun. Rubuce-rubucen Alhaji Umaru na Kete-Krachi, wanda aka haifa a Kano ya zauna Salaga ya rasu a 1934, da yawansu sun tsira ne domin almajirai sun kwafa, daga baya kuma masu bincike na Jami'ar Gana a Legon suka bi gari-gari a shekarun 1960 suna tattara kwafin irin waɗannan takardu. Tsohon garin Kete-Krachi kansa tafkin Volta ya cinye shi. Abin da aka kwafa ya rayu. Rubutun lantarki ya fi na takarda buƙatar wannan hidima, domin shi kwafi kaɗai ba ya isar sa, sai an adana har na'urar da ke karanta shi, ko a adana kwaikwayonta.

Ga masu rubutu da Hausa ma akwai ƙarin damuwa. Kafin tsarin Unicode ya yaɗu, mai son buga ƙ da ɗ da ɓ yakan yi amfani da wasu haruffa na musamman da aka ɗora a gurbin wasu alamomi. Idan aka buɗe irin wannan rubutu a kwamfutar da ba ta da waɗancan haruffa, sai ƙugiyoyin su koma wasu alamomi dabam, kalma ta lalace. Wanda ya san yadda tsohon tsarin yake shi zai iya mayar da su. Duk wanda ya buga littafi ko waƙa ko tarihin gidansu a wancan zamani ya ajiye a faifai, maganar nan ta shafe shi.

Hujjarmu ta biyu ta shafi tarbiyyar yara. Tsohuwar kwamfutar gida idan ka kunna ta ba ta nuna maka komai sai wuri fili da alama tana ƙyaftawa, tana jiran ka ba ta umarni da harshen BASIC, harshen da John Kemeny da Thomas Kurtz suka ƙirƙiro a kwalejin Dartmouth a 1964 don masu koyo. Mujallu na lokacin suna buga manhaja layi-layi, yaro ya zauna ya kwafa da hannunsa, idan ya kuskure harafi ɗaya ta ƙi tashi, sai ya koma ya nemo kuskuren. Da haka yake gane ma'anar abin da ya kwafa, daga nan ya fara canzawa, daga nan ya rubuta nasa. Duk wanda ya taɓa rubuta allo ya kai wa malam ya gyara masa ya san wannan hanya. Wayar yau kuwa ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba, amma a rufe take, an gina ta don ka kalla ka saya. Yaranmu sun ƙware wajen shafa gilashi, kaɗan ne suka san abin da ke bayansa.

Turawan da kansu sun lura da wannan. A Kambirij, Eben Upton da abokan aikinsa sun ga ɗaliban da ke neman karatun kwamfuta sun ragu kuma ba su da ƙwarewar na baya waɗanda suka tashi da BBC Micro. Shi ya sa suka ƙera Raspberry Pi, kwamfuta mai girman katin banki, wadda ta fito a 2012 a kan dala 35. Sannan ga wani abin lura: injiniyoyin Acorn, Sophie Wilson da Steve Furber, su ne suka tsara ƙwayar ARM wadda ta fara aiki a 1985, kuma zuriyarta ce ke cikin mafi yawan wayoyin duniya a yau. Ke nan wayar da yaron ya nuna mana bidiyon da ita jika ce ga irin na'urar da muke yi wa dariya.

Kada kuma a ɗauka Turawa kaɗai suka yi wannan zamani. A Kuwait, Muhammad al-Sharikh, wanda ya rasu a 2024, ya kafa Sakhr a farkon shekarun 1980, suka ɗauki tsarin MSX na Japan suka sa masa haruffan Larabci, suka fitar da manhajojin karatu har da ta Alƙur'ani. Yara da yawa a ƙasashen Larabawa da Sakhr suka fara sanin kwamfuta, kuma manhajar openMSX tana iya tayar da irin waɗannan na'urori a yau.

Amma adalci ya sa mu saurari masu suka, don suna da gaskiya a wasu wurare. Na farko, kuɗi. Akwai masu biyan maƙudan kuɗi don mallakar tsohuwar na'ura a kwalinta su jera a kanta. Wannan ado ne na mai hali, kuma ba shi muke kira a kwaikwaya ba. Wanda ke fama da kuɗin makaranta da ɗaukewar wuta ba shi da haƙƙin wannan almubazzaranci a kan iyalinsa. Sa'ar da aka yi, ɓangaren da ke da amfani shi ne mafi araha: manhajar kwaikwayo kyauta ce, kuma tana tashi a kwamfutar gwanjo mafi rauni. Na biyu, an ce yawanci wasanni ne. Haka ne, kuma wasa idan ya cinye lokacin salla da karatu ya zama illa, tsoho ne ko sabo. Sai dai wanda ya buga wasa dabam, wanda ya rubuta shi dabam, kuma wannan fage yana tura mutum ya zama na biyun. Akwai masu gasar fitar da zane da sauti masu ban mamaki daga waɗannan ƙananan na'urori, har Finlan a 2020 da Jamus a 2021 suka sanya wannan fasaha cikin jerin al'adun ƙasa da ake karewa. Na uku, haƙƙin mallaka. Tsufan manhaja ba ya mayar da ita halal ga kowa, wasu masu ita sun yafe, wasu ba su yafe ba, kuma wajibi ne mai amfani ya bambance. Na huɗu, an ce BASIC ba zai ba yaro aiki ba a yau. Gaskiya ne, kamar yadda allo ba shi ne ƙarshen karatu ba. Mafari ne, kuma mafari mai kyau.

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye wanda bai shafi Baturen bidiyo ba. Tsofaffin na'urori da yawa a ƙasashenmu suke ƙarewa. Duk wanda ya san Agbogbloshie a Akra kafin a rushe kasuwar gwangwan ɗinta a 2021 ya ga samari, da yawansu 'yan arewa, suna fasa kwamfutoci suna ƙona waya don fitar da jan ƙarfe, hayaƙin yana shiga ƙirjinsu. Ba mu raina neman halal ba. Abin da muke cewa shi ne hannun da ya iya fasawa zai iya gyarawa idan an koya masa, kuma mai gyara ya fi mai ƙonawa samu da lafiya. Masu gyaran rediyo da waya na zangunanmu sun riga sun iya riƙe dalma. Tsofaffin na'urori su ne mafi sauƙin koyo a kansu, don kayan cikinsu manya ne, ana ganin kowace hanya da ido, kuma taswirorinsu suna nan a buɗe.

Saboda haka ga shawararmu, a taƙaice. Duk gidan sarauta, ko kwamitin masallaci, ko ƙungiya, ko makarantar da ke da fulofi ko tsohon faifan CD ko tsohuwar kwamfuta a ɗakin ajiya, kada a miƙa wa 'yan kondem sai an duba abin da ke ciki. A fitar da su daga danshi da zafi tun yau, kada a ajiye su kusa da lasifika ko wani abu mai maganaɗisu. A nemi yaro mai hankali a ba shi aikin kwafewa, a biya shi. Abin da aka kwafe a ajiye shi wuri uku, kuma mai muhimmanci a buga shi a takarda, domin darasin Domesday ke nan. Kada a dogara da waya kaɗai, don saƙonnin murya da hotunan takardu da muke tarawa a yau su ne fulofin gobe. Masu makarantu kuma, wanda ke da kwamfuta ko guda ɗaya ce, ya sa mata manhajar kwaikwayo ya bar yara su rubuta layi goma su ga na'ura ta bi umarninsu.

Mun koma wa maigida da wannan magana bayan dariyar zaure, muka ce: "Ranka ya daɗe, mutumin nan da irinsa ne suka buɗe mana takardun fili." Ya yi shiru, sannan ya ce a nemo sauran akwatunan a duba. Mun fara, kuma mun tarar da kaset-kaset na karatun malamai da suka rasu, waɗanda su ma ke jiran irin wannan hidima. Wanda ke da irin wannan ajiya a gidansa, ko ya san mai na'urar karanta su a garinsu, ya sanar da jama'a don a taimaki juna kafin damina ta sake zagayowa.

Allah Ya sa mu dace. Wassalam.